Gefen Inuwa

Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa bas tsakanin Sokodé da Dapaong, kuma in akwai abin da na sani a duniyar nan, to kujera ce. Fasinja zai zo tasha da sassafe ya tsaya yana leƙen mota, bai san inda zai sa kansa ba. Ni kuwa kallo ɗaya nake yi masa. In arewa muka nufa da safe, mai hankali hagu yake zama, don ta dama rana take dukan mota har azahar. In da yamma ne sai a juya. Mai son kallon dutsen Aledjo ga gefensa, mai amai ga nasa, mai kaji ya koma can baya. Har manyan 'yan kasuwar Zango sukan aiko a tambaye ni kafin su kama wuri. A ce, "Ku je wajen Salifou." Ban taɓa ɓoye cewa abin yana yi mini daɗi ba.

A shekarar dogon yajin aiki motata ta yi wata bakwai a ƙofar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Man mota babu. In ma ka samu, samari sun tare hanya da itace a nan, sojoji sun tare da ganga a can, kowa da irin tambayarsa, kuma amsar da ta fisshe ka a shingen farko ita za ta ja maka mari a na biyu. Rediyo kullum maganar dimokuraɗiyya yake yi. Ni dai abin da na gani da idona shi ne tayoyina huɗu suna sacewa a hankali.

A cikin wannan zaman ne idon Daada ya tsananta. Daada ita ce mahaifiyata. Idonta na hagu ya mutu tun da daɗewa, cutar nan ta ƙudan bakin kogi ce ta cinye shi, na daman kuma ya fara bin sahu. A inuwa tana gane mutum daga nesa, har ta faɗi launin rigarsa. Amma da rana ta haska mata fuska sai hawaye, ba ta ganin komai sai fari.

Maƙwabcinmu Muktar ma'aikacin jinya ne. Wata Litinin ya shigo da labari. Wani likitan ido ya sauka a Dapaong, kwana goma kawai zai yi. Akwai kuma ƙaramin jirgin 'yan mishan da ke kai magani arewa tunda hanya ta ƙi, zai tsaya a Sokodé ranar Alhamis da safe, kuma shi Muktar ya roƙa mana wuri biyu. Bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce aikin na iya riƙe abin da ya rage, yana kuma iya ƙin riƙewa.

Daada ta ce ba za ta ba. Ta ce ita ba tsuntsuwa ba ce. Muktar ya yi lallashi har ya gaji ya miƙe zai tafi, sannan ta tambaya, fuskarta na kallon bango.

"Jirgin nan, Dapaong ka ce za shi?"

"Dapaong, Daada."

"To zai wuce ta Kukoki ke nan."

Kukoki rugarmu ce ta dā, a wata kwana ta kogin Kumongu. Can aka kai ta aure, can ta haife ni, can kuma aka binne mahaifina Alidu, a gindin wasu kukoki uku da suka ba wurin suna. Shekara goma sha biyu kafin wannan, gwamnati ta faɗaɗa gandun namun daji ta haɗa da mu, aka ba mutane kwana uku su tashi. Ni lokacin ina kan hanya da mota, sai labari na ji. Daada ce ta koro shanun da ƙannena a ƙafa, kwana goma sha ɗaya ta cikin daji, har Sokodé. Tun daga nan ba ta sake ganin wurin ba, don wanda aka kama a gandun ba ya dawowa da daɗin labari. Yanzu da ƙasa ta rikice, ana cewa masu gadi sun gudu. Wasu su ce mutane sun koma. Wasu su ce an sa wuta an sare komai don huce haushi. Kabarin musulmi ba shi da alama sai abin da Allah ya tsirar a kansa, saboda haka in kukokin sun tafi, mahaifina ya ɓace ke nan.

"Zan je," in ji Daada. "Ido kam na Allah ne. Amma ina so in gani ko suna tsaye."

Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Direba take ce mini. Ba ta kallon tsakiyar idona, ba ta yabona, kuma ba ta taɓa musa mini magana a gaban mutane ba, ko da na ce shanu suna tashi sama. Haka aka tarbiyyantar da ita. Ni kuwa a lokacin na ɗauki wannan shirun a matsayin shaida ce cewa kullum ina da gaskiya.

Na zauna na tsara abin kamar yadda na saba. In ka bar Kanté ka shiga gandun, ka wuce Naboulgou kaɗan, Kukoki tana hannunka na hagu, bayan daji, tafiyar rabin yini a ƙafa. Sau dubu nawa na nuna wa fasinja wurin da haɓa. Tafiyar kuma ta safe ce, inuwa tana hagu. Inuwa da kallo duk a gefe ɗaya! Irin wannan dacewar ba kullum ake samunta ba. Na faɗi haka a teburin mai shayi, na sake faɗi a ƙofar masallaci, har Muktar ya ce mini, "Salifou, ka tambayi mai jirgi mana. Shi ya san hanyar shi."

Na ce, "Hanyar Dapaong guda nawa ce? Shekara goma sha tara ina binta, sai yau wani zai koya mini?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da shan shayinsa.

Ranar Alhamis an kwana ana ruwa, gari ya waye tas. Filin jirgin ba wani abu ba ne illa doguwar ciyawa da aka yanke da wata rumfar kwano. Jirgin kuwa da na gan shi sai da na raina shi, don motata ta fi shi ciki. Matuƙin wani Bature ne dogo, mai jar fuska, ba ya murmushi. Ya ɗora mu a sikeli ɗaya bayan ɗaya kamar buhun auduga, ya rubuta, ya karɓi ƙullin kayan Daada ya jinjina shi, ya cire tukunyar da ta sa a ciki ya miƙa wa Muktar. An cire kujerun tsakiya, an jera kwalayen magani har kusan rufi an ɗaure su da raga. Kujera biyu suka rage a bayan matuƙi, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kwalaye a tsakaninsu, kowace da ƙofarta da tagarta.

Ina can ina sa hannu a takarda, sai na juyo na tarar Daada ta riga ta hau. Ta lallaɓa da sandarta ta shiga ta dama, ta zauna, ta gyara mayafi. Rana kuwa tana kan fuskarta sosai, har hawaye sun fara.

Na ce, "Haba Daada, wa ya sa ki nan? Wannan ai gefen rana ne."

Ta ce, "Nan ma ya yi, Direba."

"Bai yi ba. Kukoki hagu take. Inuwa ma hagu take. In kin zauna nan ba abin da za ki gani sai hawayenki."

Muktar na tsaye, matuƙi na tsaye yana duba agogo, ga kuma wasu mutum uku da suka kawo kwalaye. Daada ta juya kai wajensu. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta rufe. Ta miƙo mini hannu, na sauko da ita, na zagaya da ita ta bayan jirgin a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, na hawar da ita ta hagu. Na ɗaura mata bel da hannuna, na goge mata gilashin tagar da hannun rigata. Har na juya na ce wa Muktar, "Ka gani? Da ba na nan fa?"

Ba zan yi ƙarya ba, da jirgin ya ɗaga sai da na karanta duk abin da na haddace. Ƙarar injin kuwa ta cika ko'ina, ko kai da kanka ba ka jin abin da kake faɗa. Amma da muka daidaita sai tsoro ya sake ni. Rana ta sauka a cinyata da gefen wuyana, zafi ƙwarai, na kuwa ji daɗin zafin, don shaida ce lissafina ya fita. Ta saman kwalaye ina hango ƙeyar mayafin Daada kawai. Ta manna goshi a gilashi.

Na leƙa ƙasa. Ga Sokodé kamar an zubar da ashana, ga hasumiyar babban masallaci, ga kwaltata baƙa siririya ta miƙe arewa. Na gane kowace kwana. Abin da na lura da shi kawai, hanyar ta gefena take, kuma tana ɗan matsawa. Na ce a raina zai dawo kanta, yana dai gyara tsayuwa ne.

Bai dawo ba. Dutsen Aledjo, wanda nake hawa da giya ɗaya ina addu'a, ya wuce can nesa ta damana, ɗan ƙarami. Kwanon gidajen Kara ya yi walƙiya ya ɓace, shi ma ta dama. Daga nan kwaltar ta zama zare, zaren ya shige cikin kore, ban sake ganinsa ba. A ƙasanmu sai daji da gonaki da 'yan hanyoyin ƙafa da ban san ko ɗaya ba. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Hanyar mota tana yin gabas ne ta zagayo don ta bi garuruwa. Wannan mutumin ba shi da fasinjan da zai sauke a Kara. Ya yanke ne kai tsaye. In kuwa hanya tana can dama da nisa haka, to abin da ke hagun hanya yana iya kasancewa a tsakaninmu da ita.

Na ji kunya tun kafin in ga komai. Na zauna ina fatan in yi kuskure a karo na biyu.

Bayan kamar rabin sa'a kogi ya bayyana, ja da ruwan daren jiya, yana lanƙwasa. Na bi shi da ido. Ga kwanar nan da na koyi iyo a cikinta, ga farin yashin da muke shanya riguna. A bayan kwanar, kan ɗan tudu, ga su nan. Uku. Biyu a haɗe, ɗaya ta ɗan ware, cike da ganye. Kusa da su akwai sababbin bukkoki huɗu ko biyar, hayaƙi na tashi daga ɗaya, fararen shanu a warwatse. Duk wannan a ƙarƙashin tagata, a fili, kamar an ajiye mini a faranti.

Na yi ihu. "Daada! Daada! Ga su nan!" Ko motsi ba ta yi ba. Na miƙa hannu ta saman kwalaye, bai kai ba. Na fara kwance bel, sai matuƙin ya hango ni ta wani ɗan madubi, ya ɗaga yatsa ya girgiza shi da ƙarfi. Na miƙa na taɓa kafaɗarsa, na nuna ƙasa, na zana da'ira da hannu, ina roƙonsa ya zagaya sau ɗaya tak. Ya fahimta sarai. Ya ƙwanƙwasa agogon mai da ke gabansa da farce, ya girgiza kai, ya mayar da idonsa gaba. Ban ga laifinsa ba, ni ma direba ne, kuma a shekarar nan ba wanda ke da man zagaye.

Duka abin bai fi tsawon karanta Fatiha sau uku ba. Kukokin suka koma ƙarƙashin fiffike, suka fito ta baya, suka ƙanƙance. Daada tana nan yadda take, goshi a gilashi, ta kare gefen fuskarta da tafin hannu, tana duban dajin da ba nata ba.

Da muka sauka a Dapaong na zagaya na buɗe mata ƙofa. Goshinta ya yi shatin gilashi. Na riga na shirya maganganu iri uku a hanya, amma ita ta riga ni.

"Ido ne ya ƙi," ta ce. "Na duba har muka sauka. Kore kawai."

Na ce, "Allah ya kawo sauƙi, Daada."

Abin da na faɗa ke nan. Na bar idonta ya ɗauki laifina, na ɗauki ƙullin kayanta muka nufi motar asibiti. Na sha yin abin kunya a rayuwata, amma wannan shi ne wanda har yau in na tuna nake jin ɗaci a bakina.

An yi aikin ranar Asabar. Bayan kwana huɗu aka kwance bandeji. Likitan ya haska mata fitila, ya ɗaga yatsu, ya sake ɗagawa, sannan ya kira ni gefe ya yi mini bayani mai tsawo wanda taƙaicensa shi ne mun makara. Tana bambance dare da rana, shi ke nan. Daada ta yi masa godiya, ta tambayi ko yana da 'ya'ya, ta sa musu albarka.

Mako uku muka yi a gidan wani ɗan'uwanmu a zangon Dapaong kafin hanya ta ɗan buɗe. Ba ta sake ambaton Kukoki ba, ni ma ban ambata ba. Ranar komawa muka sami wuri a bas ɗin wani direba da na sani. Ya ce, "Salifou, kai ne malamin kujera, zaɓar wa tsohuwa." Na ce ko'ina ma ya yi. Ya dube ni kamar ba ni ba.

Mun wuce Bombouaka, mun wuce Mango, mun shiga gandun. Kafin Naboulgou sojoji suka tsayar da mu a wani shinge, suka ce kowa ya sauka da kayansa. Ɗayansu ya leƙo ya ga Daada da sandarta, ya ce tsohuwa ta zauna, wanda ke riƙe da ita ma ya zauna. Aka kwashe sauran zuwa gindin wata bishiya. Motar ta yi tsit, sai ƙarar ƙarfen injin yana hucewa. Rabon da mu kasance mu biyu kaɗai, ba kowa kusa, har na manta.

"Direba."

"Na'am, Daada."

"Ina muke?"

"Kusa da Naboulgou."

Ta gyaɗa kai. Ta juya fuskarta dama, wajen daji, daidai inda ya kamata.

"Nawa ka gani?"

Na ce, "Me, Daada?"

"Ta gefenka suka fito. Nawa ka gani?"

Na ce, "Uku."

"Da ganye?"

"Da ganye. Akwai bukkoki ma. Da shanu."

"Farare?"

"Farare."

"To, alhamdu lillahi." Ta sauke numfashi, ta gyara sandar a tsakanin gwiwoyinta.

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun a gida. Da muka taso da shanu, ai ba kwalta muka bi ba. Miƙewa muka yi. Kwana goma sha ɗaya hanyarku tana can wajen fitowar rana, ko ƙarar mota ba mu ji. Abin da ba ya tsayawa ɗaukar mutane me zai kai shi zagaye? Na ce in ya miƙe daga Sokodé, ta yamma da ruga zai bi."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ga Muktar, ga Bature, ga mutane tsaye. In ce ɗana bai san hanya ba?"

A waje wani soja yana zazzage buhun wata mata, gero na zuba a kan kwalta, ita kuma tana tarewa da zani.

"Da rana ma za ta hana ni gani," in ji Daada. "Wataƙila. Na dai ce in gwada."

Fasinjoji suka fara dawowa ɗaya ɗaya, suna gunaguni ƙasa-ƙasa. Ta ji takunsu, ta ja mayafinta gaba, ta koma yadda take a gaban mutane. Sai da direban ya tayar da mota sannan ta ɗan karkato wajena, murya ƙasa.

"Rana ta dake ka a can?"

"Ta dake ni, Daada."

"Ni kam na sha inuwa," ta ce.